Ranar da Ammu Shahata Ya Ci Abinci a Zaune

Duk wanda ya san Ammu Shahata, wato Baffa Shahata, a garin Isna zai gaya maka mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa, amma fa kada ka kuskura ka gayyace shi cin abinci gidanka. Kafin ka ce bismillah ya miƙe ya gyara maka zaman kofi. Kafin ka kai loma ta uku ya koma bayanka ya tsaya, hannu ɗaya a goye, yana jira ka ajiye cokali ya ɗauke farantin. Ko a walimar auren 'yarsa Rawiya sai da aka sa ƙarti biyu suka tsare shi a kujera. Duk da haka ya sulale, aka tsince shi yana zuba wa dangin ango zobo.

Ba laifinsa ba ne. Shekara talatin da uku ya yi yana hidima a ɗakin cin abinci na wani jirgin ruwa na masu yawon buɗe ido, wanda ke kai da komo tsakanin Aswan da Luksor. Jirgin yana da sunansa a rubuce da ruwan zinariya, amma ma'aikatansa Kaka suke ce masa, saboda irin tafiyarsa da tarin da injinsa ke yi kowace safiya.

Shahata ya shiga Kaka yana matashi mai suma, ya fito da sanƙo da ciwon gwiwa da wani ilimi da ba a koyarwa a makaranta. Ya san abin da cikin kowa yake so. Baƙo na shigowa, tun bai zauna ba, ya gane ko mai neman ƙanƙara ne a ruwa ko mai tsoronta. Ya san marasa cin nama, ya san waɗanda ko ƙwai da nono ba sa taɓawa, ya san masu rantsuwa a ranar farko cewa su da zaƙi har abada, a rana ta uku ka same su gaban tiren basbusa suna waige-waige. Ya kuma san in Bature ya ce ya ƙoshi, to ya ƙoshi ɗin. Wannan darasin da wuya ya shiga kansa, don a Isna wanda ya ce ya ƙoshi sau ɗaya bai ce komai ba, sai an ƙara masa an haɗa shi da Allah. A makonsa na farko sai da ya cika wa wata tsohuwa 'yar Holan faranti sau uku, tana cewa a'a yana rantsuwa, har baiwar Allah ta fashe da kuka.

Da ya zama babba, doka ɗaya ce ba ya sassautawa a kanta: hannun da ya taɓa abinci ba ya taɓa cokalin baƙo. Ko maiƙo kaɗan ya hango a yatsan ma'aikaci, sai ya kora shi ƙasa ya wanko.

Batun tukuici ma yana da nasa ra'ayi. A Kaka ba a ba mutum ɗaya a hannu. Akwai akwatin katako a wurin karɓar baƙi, ranar sauka kowa ya jefa ambulan ɗinsa a ciki, a raba har da masu wankin zannuwan gado da mutanen ɗakin inji, waɗanda baƙo bai taɓa ganin fuskarsu ba. Shahata ya fi girmama baƙon da zai jefa nasa ya wuce kamar bai yi komai ba. Wanda kuwa zai tsaya yana kaɗa ambulan sai kowa ya gani, shi ma ana yi masa godiya, amma irin godiyar da ake yi wa mai cire haƙori.

Abin da bai taɓa yi ba a duk shekarun nan shi ne ɗanɗana abincin da yake ɗauka. Ma'aikata a ƙasa suke ci, a tsaye, a bakin kicin: wake, adas ɗan ƙanen wake, miyar lalo, da gurasar matarsa Sabriyya.

Gurasar nan tana da tarihinta. Gidansu yana bayan mashigar ruwa ta Isna, inda jirage ke shiga a rufe ƙofa, a rage ruwa ko a ƙara, sannan su wuce. Sau biyu a mako Kaka ke ratsawa ta nan, yawanci daidai lokacin abincin rana. Sau biyu a mako kuma Sabriyya ke tsayawa a kan bangon mashigar da gurasa mai zafi ƙulle a leda, ta wurga cikin jirgin kamar yadda masu tallar mayafai ke wurga hajarsu. Tun tana jifa ɗaya har ta koma uku, da ta ji labarin bakunan da ke ƙasa suna da yawa. Ba ta taɓa sa ƙafa a jirgin ba. Shahata kuma bai taɓa cafe ledar ba, don a lokacin yana riƙe da tire. Usta Girgis, babban kuku, shi ke cafewa, ya cire harajinsa.

Da Shahata ya ajiye aiki, sai Rawiya, wadda ke sayar da magani a wani kanti a Luksor, ta yanko musu tikitin kwana uku daga Aswan, a cikin Kaka ɗin dai. Shahata ya ce ɓarna ce. Da suka zauna a jirgin ƙasa mai zuwa Aswan, sai Sabriyya ta juyo gare shi.

"Abu Rawiya, abu ɗaya nake so a tafiyar nan."

"Faɗi, Hajiya."

"Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa cin abinci tare da kai daga farko har ƙarshe ba. Kullum ina ci kana tsaye a kaina kamar ɗan sanda. So nake ka zauna a gabana, daga lomar farko har shayi, ba ka tashi ba. Sau ɗaya tak."

"Wannan ai ba wani abu ba ne."

"To madalla. In muka kai Isna ba ka yi ba, a nan zan sauka, ga ƙofar gidana. Kai ka ƙarasa Luksor da cokulanka."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Zaman shekara talatin da biyar ya isa ya san abin da hakan ke nufi.

A ƙofar ɗakin cin abinci Fikri ya tarye su. Shi ne shugaban ɗakin yanzu, mutum ɗan arba'in da ɗoriya, har da furfura a gefen kunne, amma Shahata ne ya koya masa riƙon tire. Ya sumbaci sanƙon maigidansa, ya ja wa Sabriyya kujera.

"Ammu Shahata, yau kai ne basha, babban baƙonmu. Bismillah."

"Tebur na shida kuka ba mu? Ai ƙafarsa na rawa."

"Mun gyara tun bara, Ammu."

Shahata ya girgiza teburin, bai motsa ba. Ya ɗan ji haushi.

Miya ta zo, ya zauna lafiya har cokali huɗu. Sai wata tsohuwa Bajamushiya a tebur na bakwai, mai ɗan karkarwar hannu, ta saki cokali mai yatsu. Shahata ya rantse bai san lokacin da abin ya faru ba. Shi dai ya tsinci kansa a tsaye a damanta, sabon cokali a hannunsa, yana ce mata babu komai da harshenta. Da ya dawo, Sabriyya ta ɗaga yatsa ɗaya, ta ci gaba da shan miyarta.

Da maraice ya zo da shiri. Ya maƙale ƙafafunsa a ƙafar kujera, ya kafe idonsa a kan gishiri. Aka ci rabin abinci lafiya. Sabriyya ta gaji da kokawa da wuƙa, ta haɗa ta da cokalin wuri ɗaya a kan faranti don ta huta ta sha ruwa. Ita ba ta san cewa a wannan ɗakin haɗa su yana nufin an gama ba. Hannun Shahata kuwa ya sani. Kafin ta ajiye kofi, farantinta ya yi nisan taku biyar, da cinyar kazarta a kai.

"Abu Rawiya."

"Na'am."

"Ina za ka kai mini kaza?"

Ya dubi farantin kamar wani ne ya ɗora masa a hannu. Fikri ya juya baya yana gyara labulen da ba abin da ya same shi, kafaɗunsa na rawa.

Washegari a Kom Ombo wani ɗan Indiya, wanda Shahata ya ji yana cewa ba ya cin nama, ya miƙa hannu zai ɗebi miyar kayan lambu. Shahata ya san da romon kaza Girgis ke dafa ta. Ya tashi ya tare shi, mutumin ya haɗa hannuwa yana ta godiya.

"Wannan na yafe," in ji Sabriyya. "Amma tashi ne."

Haka aka yi ta yi har aka kwana a Idfu. In ba cokali ba kofi, in ba kofi ba wani ya rasa barkono. Ga shi kuma ba ya cin abin kirki, sai ya yi ta tura kifi daga wannan gefen faranti zuwa wancan. Saura abincin rana guda ɗaya kafin Isna.

Da hantsi ya sulale ƙasa. Usta Girgis yana yankan albasa, bai ko ɗago ba.

"Baƙi ba sa shiga kicin, basha."

"Usta, don Allah ɗan wake. Kwana biyu ke nan cikina ba komai sai miya."

"To wa ya hana ka? Abincina ne bai yi maka ba, kai mai sanƙo? Shekara talatin kana ce wa mutane su ci, da daɗi. Ashe ƙarya kake shara musu."

Shahata ya jingina da bango, a daidai inda kafaɗarsa ta riga ta goge fenti.

"Na san inda wuƙar kifi take zama, Usta. Ko da ido rufe zan jera. Amma ban san yadda ake cin kifi da ita ba. Sai in ga kamar kowa ni yake kallo. In Fikri ya zo zuba mini ruwa kuwa, ji nake kamar in nutse. Ƙafafuwan nan kuma ba sa shawara da ni." Ya shafa sanƙonsa. "Hajiya ta haɗa jakarta, ta ce a Isna za ta sauka. Da gaske take."

Girgis ya ajiye wuƙar.

"Ummu Rawiya za ta sauka daga jirgina da fushi? Matar da na ci gurasarta tun ina da haƙora duka?"

"Shi ne nake gaya maka."

"Fita."

"Waken fa?"

"Ba ka samu. Tafi da yunwarka, ka riƙe mini ita da kyau, ina da aiki da ita da rana. Ka turo mini Fikri."

Da azahar Sabriyya ta shigo da baƙin mayafinta na fita, ta ajiye jaka a gefen kujera inda zai riƙa ganinta. Ta taga ana hango dabinon Isna.

Fikri ya zo, fuska ba wasa. Ya kwashe wuƙaƙen teburin da cokulan duka, ya haɗa har da adikon goge hannu.

"Kai, me kake yi haka?"

"Usta ya ce abincin yau ba ya shiri da ƙarfe."

Ya dawo da babban tire ya dire a tsakiya. Kasko ne na miyar lalo, tafarnuwa na ta ƙamshi a kanta, ga tattabaru huɗu an cusa musu alkama an soya har sun yi ja, ga gurasa. Sabriyya ta ɗauki gurasar ta juya ta, ta ƙwanƙwasa da yatsa.

"Wa ya gasa wannan?"

"A kasuwar Idfu aka sayo, Hajiya."

"Allah ya shirye shi." Ta gutsura ta miƙa wa mijinta. "Sa hannu, Abu Rawiya."

Ya dubi hagu ya dubi dama. Sai cikinsa ya yi wata ƙara da ta yanke masa shawara. Ya naɗe hannun riga ya tsoma gurasa a lalo. Loma ta farko ya lumshe ido. Ta biyu ya manta da tebur na bakwai. Ya kama tattabara da hannu biyu ya ɓare ta, ya zaɓi ƙirjin ya tura gaban Sabriyya, ita kuma ta tura masa kan, don ta san shi yake so. Maiƙo ya gangaro har wuyan hannunsa. Ɗan Indiyan nan ya leƙo yana tambayar Fikri ko koren abin can akwai nama a ciki, wasu Faransawa biyu kuma suka ce su ma irin na tebur na shida suke so.

Ana cikin haka sai ƙarfe ya faɗi ƙasa. Tsohuwar Bajamushiyar ce.

Gwiwoyin Shahata suka ɗaga shi tun kansa bai ji labari ba. Ya rabu da kujera kamar taƙi guda. Daga can ƙarshen ɗakin muryar Fikri ta zo, a hankali, cikin ladabi.

"Ammu. Hannunka."

Shahata ya dubi hannuwansa. Lalo na yauƙi tsakanin yatsu, maiƙon tattabara na ƙyalli. Ya nemi adiko, babu. Sau uku a rana ɗaya ya taɓa korar Fikrin nan ƙasa a kan abin da bai kai rabin wannan ba. Da hannu irin wannan, ko Kaka zai nutse ba zai taɓa cokalin baƙo ba.

Ya tsaya a haka, bai zauna ba bai miƙe ba, hannuwa a sama kamar mai addu'a. Hannun Sabriyya ya sauka a kan marikin jakarta.

"Wannan tashi ne ko gyara zama?"

"Gyara zama ne, Hajiya."

"To gyara."

Ya koma kujera. Yana kallo Fikri ya tako ya miƙa wa tsohuwar sabon cokali, ta yi murmushi ta ci gaba da cin abincinta. Ba abin da ya rushe. Rufin ɗakin yana nan inda yake.

"Ya yi jinkiri," in ji Shahata ƙasa-ƙasa.

"Ci tattabararka."

Suka cinye tas, har ya suɗe kaskon da gurasar Idfu da Allah zai shirya mai ita. Fikri ya kawo buta da tasa har kan tebur, ya zuba masa ruwa ya wanke hannu a zaune. Wannan karon Shahata bai ji kamar ya nutse ba. Ya dai ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Shayi ya iso daidai lokacin da Kaka ya jingina da gaɓar Isna yana jiran layi, aka shimfiɗa katakon sauka. Shahata ya sha shayinsa kurɓi-kurɓi, hannuwansa tsaf, babu abin da ya riƙe shi a kujerar sai shi kansa. Da ya ajiye kofin, Sabriyya ta sa ƙafa ta tura jakar ƙarƙashin tebur.

Ba su tashi ba har jirgin ya shiga mashigar. Aka rufe ƙofa, ruwa ya fara raguwa, bango ya yi ta hawa a jikin taga. Sabriyya ta matsa ta leƙa sama. Masu talla suna can inda ta saba tsayawa.

"Ashe daga nan ƙafafu kawai ake gani."

"Su nake gani," in ji Shahata. "Ina wucewa da tire in saci kallo. Da farko silifa shuɗi. Sai baƙin nan da kika ɗinke igiyarsa da zare ja. Akwai shekarar da ƙafafun suka kumbura, na kusa zubar wa wani miya a wuya don tunani. Bayan nan sai na riƙa ganin wasu 'yan ƙanana a gefensu."

Sabriyya ta gyara mayafi, ta ce ƙurar tafarnuwa ce ta shiga idonta, duk da tafarnuwa ba ta da ƙura.

Usta Girgis ya hauro da hularsa, abin da bai saba yi ba in akwai baƙi. A bayansa masu wanki ne da mutanen ɗakin inji, suna leƙe ta kafaɗarsa.

"Ummu Rawiya, yau na fita cafe, babu mai jifa. Sai na ce bari in zo in ga hannun da ya ciyar da mu. Mutanen nan duka da gurasarki suka yi ƙiba. Allah ya saka miki."

"Amin, Usta. Kai ne mai cire haraji, ko? An gaya mini."

"Biyu kacal, Hajiya."

"Uku," in ji Shahata daga kujerarsa.

Da safe a Luksor ya daɗe yana zagaye wurin karɓar baƙi da ambulan a aljihu. Ya san ba zai iya damƙa wa Fikri a hannu ba, ya kuma san ba zai sauka bai bayar ba. Da ya ga kamar hankalin kowa ya tafi wani wuri, ya jefa a akwatin ya wuce. Da ya waiga, ma'aikata shida ne a wurin, kowannensu ya duƙufa yana nazarin rufin jirgi.

A karin kumallo na ƙarshe Sabriyya ta gama cin ƙwanta, ta dube shi ido cikin ido, ta haɗa wuƙa da cokali wuri ɗaya a kan faranti. Yatsun Shahata suka motsa a kan tebur. Ya danne su da ɗaya hannun.

"Fikri," ya ce, "Hajiya ta gama."

Fikri ya matso ta hagunta.

"Ta dama, ɗan nan. Ta dama ake ɗauka."